Gabas Daga Saman Lilo

Kakata, wadda muke kira Habboba, ba ta taɓa yarda ita 'yar Gadarif ce ba. A nan aka haife ta, a nan ta aurar da 'ya'yanta, amma ka tambaye ta sai ta ce, "Mu matafiya ne." Mahaifinta ya taso daga yamma zai je Makka, ya tsaya noman riɗi na damina ɗaya don ya haɗa guzuri, daminar nan ba ta ƙare ba har ya rasu. A ƙarƙashin gadonta akwai wani ƙunshi, a ciki farin yadi ne da take son ta jiƙa da zamzam, da takalmi sabo fil da ba ta taɓa sawa ba.

Ina shekara sha huɗu, bayan an gama yankan riɗi, Baba ya ce ranar Juma'a zai kai mu muntaza, lambun shaƙatawa na gari. Kuɗin shiga ba wani abu ba ne, shi ya sa ko irinmu ke leƙawa. Umma ta shirya kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, ta ɗauki tabarma da kayan jabana, wato gahawa, muka cusa kanmu a raksha biyu, kekuna masu ƙafa uku. Habboba kuwa, da ko bikin suna sai an yi ta roƙonta, ita ta riga kowa yafa mayafi.

Muna zama Baba ya kama cire ciyayi a gefen tabarma, hannun manomi ba ya jin magana, sai da mai gadi ya zo ya ce masa, "Ya Hajj, shuka ta muka yi!" Muka yi ta dariya. Habboba ba ta yi ba. Idonta na kan babban lilon nan mai juyawa da mutane har sama.

"Shi zan hau," in ji ta.

Baba ya ce, "Haba Inna, da wannan guiwar?"

"Wanda ya hau an ce yana hango nesa. Zan ga hanyar gabas."

Ni aka haɗa da ita, ina kumbure-kumbure, don ƙawayena na can suna shan askirim ni an bar ni da riƙon tsohuwa. Lilon ya yi ƙara ya ɗaga. Ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Da muka kai ƙololuwa ya tsaya ana ɗaukar wasu a ƙasa, ta juya gabas ta ƙanƙance ido. Na manta idonta ya riga ya yi hazo.

"Ke, gaya min. Me kike gani?"

Ni da bakina da ba ya jiran tunani, na ce, "Wallahi babu komai, Habboba. Rumbunan hatsi, sai dawa, sai wata dawar."

"Hanya fa?"

"Wace hanya kuma? Ba na ganin wata hanya."

Ta sassauta riƙon hannuna. Can ta ce, "To nemo min gidanmu." Na nemo, na nuna mata da hannunta inda bishiyar darbejiyarmu take. Ta ce, "Ashe ta yi girman da ake ganinta daga nan." Da muka sauko ta sha jabana, ta yaba miyar Umma, ba ta ƙara cewa komai ba.

Tun daga ranar ban sake jin ta ce mu matafiya ne ba. Takalmin ta ba wata maƙwabciya. Yadin ta bari, kuma da shi aka yi mata sutura bayan damina biyu, bai ga zamzam ba.

Yanzu aiki ya kai ni wani gari, kuma motar da nake shiga in zan tafi, ta gabas take fita. Hanyar tana nan, ga ta shimfiɗe, manyan motoci na bi dare da rana. Ni ce ban duba da kyau ba, hankalina na kan askirim. Ina kewarta, kewa mai ciwo. In na zo gida nakan kai 'ya'yana muntaza, su hau lilon su yi ta ihu, ni in tsaya a ƙasa riƙe da takalmansu. Juyi ɗaya kawai nake so a ƙara mana, ni da ita, ta damƙe hannuna ta sake tambaya, in ce, "Ga ta can, Habboba, miƙaƙƙiya. Ba ta ma da nisa."