Ra'ayin Mahaifinta

Sybren Postma mai buɗe gada ne a birnin Groningen. Yana zama a wani ɗan ɗakin gilashi a bakin mashigin ruwa. Idan jirgi ya taho, ya tsayar da masu kekuna, ya ɗaga gada, jirgi ya wuce, ya sauke. Aikin da mahaifinsa ya yi ke nan kafin shi. Bai yi aure ba, ba ya shan giya, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Na faɗi haka tun farko don kada a zaci labarin mugu zan bayar.

Tsakanin jirgi da jirgi akwai dogon zama, a nan ya kamu da son wani wasan kwamfuta mai suna Tsibirin Gishiri. Wasan ba ya faɗin labarinsa kai tsaye. Sai dai ka tsinci rubutu a jikin kabari, ko rabin magana a bakin wata tsohuwa, ka harhaɗa da kanka. Sybren ya buɗe wa masoyan wasan dandali a intanet, ya kafa doka guda: ba a goge hasashen kowa, komai raunin sa, sai an rusa shi da hujja. Hujjar kuma daga cikin wasan. Ko mutanen da suka ƙirƙiri wasan ne suka yi bayani a wata hira, ba a karɓa. Sai a rubuta shi a ƙasa, a kira shi ra'ayi.

'Yata Renske ta shiga cikinsu tana jami'a. Ran Lahadi da yamma suke haɗuwa a ɗakin baya na wani shagon kofi. Sau ɗaya ta ja ni can. Na tarar suna gardama a kan Mai Fito, wani mutum a cikin wasan da ya ƙone kwalekwalen tsibirin gaba ɗaya, sannan ya taka ya shiga teku bai dawo ba.

Sybren ya ce, "Maci amana ne, kunya ta kashe shi."

Renske ta ce, "Kai dai, sarkin gada, duk wanda ya hana mutane wucewa ba da izininka ba, maci amana ne. Annoba ya tare, don kada ta ƙetara."

"Ina hujja, likita?" Haka yake kiranta saboda tana karatun haɗa magani.

"Tana gidan nan na cikin wasan da ka ƙi shiga don kana tsoron gizo-gizo."

Wata mai suna Marit, ma'aikaciyar jinya, ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta. Shekaru suka yi suna wannan gardamar, shi da Renske, kuma na san tana jin daɗinta.

Renske ta rasu a watan Janairu, tana da shekara ashirin da shida. Da safe ne, tana kan keke za ta wurin aiki, ta faɗa mashigin ruwa. Likitocin da suka duba ta sun ce zuciyarta ce ta tsaya tun tana kan keken. Ciwo ne da ta gada daga mahaifiyarta, ba a gano shi a jikinta ba. Kusan babu ruwa a huhunta. Ni malamin kimiyya ne, na fahimci abin da hakan ke nufi: ta riga ta cika kafin ruwa ya taɓa ta. Kuma da wannan nake iya barci.

Sybren ya zo jana'iza da kwat ɗin aro, hannuwan sun yi masa gajere. Ya tsaya a baya, ya yi kuka fiye da wasu dangi.

Da bazara Marit ta kira ni. Ta ce akwai shafi a dandalin da ya kamata in gani kafin wani ya nuna mini. Don tunawa da Renske aka buɗe shi, da hotuna da addu'o'i irin nasu. Amma a ƙasa wani ya ɗauko rubutunta na ƙarshe a kan Mai Fito, inda ta ce ba kowane mai shiga ruwa ne mai laifi ba, wani ya gama aikinsa ne kawai. Daga nan suka fara. Wani ya lura ta canza hotonta kafin rasuwar. Wani ya ce ta ba shi kayan yaƙinta na cikin wasa kyauta, me ya sa? Suka jera waɗannan da tsari, da kwanan wata, kamar yadda suka saba. Ƙarshen hasashen shi ne 'yata da kanta ta zaɓi ruwan, ta kuma bar musu alamu.

Ran Lahadi na je shagon. Sybren ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo mini kofi da yankan kek na tuffa.

Na ce, "Sybren, shafin nan nake so a cire."

"Baban Renske, wallahi ni ban yarda da shi ba. Na rubuta musu cewa hasashen ba shi da ƙarfi."

"Ba rauni gare shi ba. Ƙarya ne." Na faɗa musu abin da likitoci suka ce, dalla-dalla, har da huhun. Ban taɓa faɗa wa baƙi wannan ba.

Wani saurayi mai gemu ya ce a hankali, "To kayan yaƙin fa?"

Marit ta ce, "Rufe mana baki, Wout. Ta ba ka ne don ka dame ta da roƙo."

Sybren yana murza cokali a hannu. Ya ce, "Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce, abin da ka faɗa ba ya cikin rubutunta. Daga waje ya zo."

"Ni na haife ta."

"Na sani. Amma ka ga, ko su masu wasan, da suka haifi Mai Fito, idan suka yi magana a waje..." Sai ya tsaya. Na ga ya ji abin da ya fito daga bakinsa, kunnuwansa suka yi ja. Na jira ya janye. Bai janye ba. Ya ce, "Idan na goge wannan don kai, gobe wani zai ce in goge nasa. Renske da kanta ta taɓa hana ni goge wani shafi da ya zage ta. Ita ta fi kowa riƙe dokar nan."

Wannan gaskiya ne, na san halinta. Shi ya fi ƙona mini rai.

Marit ta ce, "Wannan mutum ce, Sybren, ba tsohuwar cikin wasa ba. Ka ci abinci da ita."

Ya ce za a jefa ƙuri'a, haka ake yi idan an rasa mafita. Na tashi na bar kek ɗin.

Ina da damar kai ƙara, an kuma ce mini da na kai, da na yi nasara. Amma sai an sake karanta takardun likita a gaban wasu baƙin, sai an sake tambaya ko tana cikin damuwa. Ban iya ba.

Bayan mako biyu Sybren ya zo gidana, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce ƙuri'a ba ta ba da cirewa ba, Marit ma ta fice daga dandalin. Amma ya yi ƙoƙari: ya rubuta duk abin da na faɗa, bai rage kalma ba, ya sa shi a saman shafin, sama da na kowa, abin da bai taɓa yi wa maganar waje ba. Ya miƙo mini wayarsa in gani. Fuskarsa irin ta wanda ya kawo kyauta ce.

Na karanta. Daidai ya rubuta, har da huhun. A sama ya sa kanu: Ra'ayin mahaifinta. A ƙasa mutane sun riga sun fara amsawa. Na farkon ya ce uba dole ya faɗi haka, wannan ma alama ce.

Sybren ya ce, "Zan ba shi amsa, kada ka damu. Zan yi ta kare ka."

Na mayar masa da wayar. Yana nan yana kare ni har yau, in ji Marit, da haƙuri da ladabi, duk lokacin da wani sabo ya shigo ya tono maganar. Saboda haka shafin bai taɓa sauka ƙasa ba. Duk wanda ya nemi sunan 'yata a intanet, shi yake fara gani.