Ƙullin da ke ƙarƙashin kilishi

Da autanmu ya samu gurbin karatu a Turkiyya, gidanmu na unguwar Briqueterie ya koma wajen haɗa guzuri. Wannan ta kawo yaji, wancan ya aiko da kilishi, kai ka ce can ba a ɗora tukunya. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne.

Babban yayanmu ma lafiya lau ya fita fatauci Gabon. Ya dawo ƙashi da fata, aka ce taifot ne, har muka binne shi ana cewa taifot ne. Ni da na yi jinyarsa na san ba shi ba ne, ciwon zamani ne. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ciwonsa.

To, ta ina zan fara da auta, yaron da na goya? Na kira shi ɗaki na ce, "Ka ji tsoron Allah, ka kiyaye kanka." Ya ce, "In sha Allahu, Yaya," idonsa na kan waya. Kamar in kai masa ranƙwashi.

Na tsallake masu magani na kasuwar Mokolo, inda kowa ya san ubanmu, na hau tasi har can unguwar Elig-Edzoa na sayo kwaroron roba. A hanya ina ta gardama da kaina. In na ba shi, ban ce masa je ka yi ba? In na fasa, ya dawo kamar wancan fa? Wallahi har yau ban san wanne ne zunubin ba.

Ranar tafiya, maza sun fita la'asar, na buɗe akwatinsa zan cusa a ƙarƙashin kilishi. Sai hannuna ya taɓa wani ƙulli. Na kwance, na ga irin nawa ne sak. Kaina ya ɗaure. Ƙyallen na tsohon zanin Inna ne, ɗaurin ma nata, irin wanda take yi wa goro. Matar da ko Mokolo ba ta zuwa!

Na fito da shi a hannu. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Mayar da shi yadda kika gan shi. Wancan na farin, shiru na yi masa."