Ranar da Baba Ya Saki Ruwa

Shekarun baya, a babban farin nan na farkon shekarun saba'in, muka baro ƙauyenmu na can arewa muka sauka kusa da Bunkure: ni da matata da mahaifina. Shanunmu duk sun mutu. Abin da ya tuna min da wannan lokacin shi ne wani fim da jikata ta kunna, na wasu mutanen Koriya da suka yi ƙaura zuwa wata ƙasa suka kama noma a ƙauye. Ban ji yarensu ba, amma na gane fuskar maigidan.

Wani dattijo ya ara mana gona a bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, da sharaɗi: in alkama ta yi kyau mu ci gaba, in ta lalace ya ba wani. Ba mu da inda za mu koma.

Matsalar ita ce Baba. Mutumin da ya shekara yana kallon sama bai yarda a tsayar da ruwa ba. In na cire tiyon da ke jawo ruwa daga kanal, sai ya mayar. Fangali ya cika, ruwa ya kwanta, alkama ta fara rawaya. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Malam, alkama kuka shuka ko kifi za ku kiwata?" Ya ce saiwar na ruɓewa, a fasa kunyar fangalin ruwan ya fita.

Na zauna gaban Baba na jero masa dalilai, na ɗaya, na biyu, na uku, kamar alƙali. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Mun roƙi ruwa har muryarmu ta dushe. Yau an ba mu, ka ce in kore shi? Ba da hannuna ba."

Na ƙudurta ba za mu rasa gonar ba, kuma ba zan fasa kunyar a bayan idonsa ba. Da safe na roƙe shi ya raka ni. Muka bi magudanar da ke kwashe ragowar ruwan gonaki har ƙarshenta. Can muka tarar da Fulani sun kawo shanu suna sha, duk sun rame irin namu na da. Baba ya dube su. Ya ce, "Ashe ba zubarwa ake ba, miƙawa ake."

Da muka dawo, shi ya karɓi fartanya ya sare kunyar.

Wani ɓangaren alkamar ya riga ya tafi, amma abin da ya tsira ya isa dattijon ya bar mana gonar. Ita nake nomawa har yau. Na koyi cewa dalili a jere ba ya juya mutumin da fari ya ƙona, sai ka kai shi ya gani. Kuma duk sanda na fasa kunya, sai na ɗan tsaya na ga inda ruwan ya nufa.