Wayar Mai Rediyo a Cikin Gwangwani

Shagon Mai Rediyo yana jikin nawa, katako kawai ya raba mu, ko tari ya yi ina ji. Tun ina koyon ɗinki yake gyaran rediyo, kuma ya iya, ban taɓa musa masa wannan ba. Bakinsa ne matsalar.

Da kasuwar rediyo ta mutu, sai ya gano dalili. Wai manyan duniya ne suka zauna suka ƙera wayoyin hannu, suna turo wani abu ta iska ya shiga kan mutum, ya sa shi son abin da suke so, ya ƙi abin da suka ƙi. Don haka tasa wayar a kashe take, cikin gwangwanin madara, a ƙarƙashin benci.

Ni dai na san abin da ke cinsa, kuma ba manyan duniya ba ne. Ƙaninsa ne, direban bas. Auta, 'yar Mai Rediyo, nas ce a wani gari mai nisa, kuma da ta gaji da kiran gwangwani sai ta koma kiran baffanta. Shi kuwa direba, Allah ya shirye shi, bakinsa ba ya rufuwa. Zai shigo da waya a hannu yana cewa Auta ta yi ƙiba, Auta ta sauya gida, Auta ta ce a gaishe ka. Mai Rediyo sai ya sunkuyar da kai yana kwance ƙusar da ya gama ɗaurewa yanzun nan. Kishi ne ƙarara.

In direba ya tafi, ni ke shan bayani. Wai yarinyar da ya ɗauka a wuya, wadda ba ta barci sai ta ji muryarsa, ba da son ranta ta juya masa baya ba, juya ta aka yi. Na ce masa, Yaya, ka ciro wayar mana. Ya ce ai abin da suke jira ke nan. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni faɗa masa gaskiya.

Ranar da Auta ta haihu, direba ya faɗo shagon ko motar bai kashe ba, yana miƙa masa hoton jariri. Mai Rediyo bai kalli hoton ba, fuskar ƙaninsa ya kalla. Ya tambaye shi tun yaushe ya sani. Direba ya ce tun da safe, ai shi ta fara kira da naƙuda ta taso. Mai Rediyo ya ce madalla, ya koma kan aikinsa.

Bayan motar ta tashi, ya leƙo wurina da wayarsa ta cikin gwangwani, ya ce in danna masa lambar Auta. Ashe layin ma sabo ne, yana sauyawa don kada manyan duniyar nan su gane shi. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin Auta ta ɗauka, muryarta a gajiye, jariri na kuka a gefe. Ya yi mata sallama.

Ta ce, "Baffa, kai ne da sabuwar lamba? Ka gaya wa Baba kuwa?"

Ashe ta ɗauka baffanta ne, don muryarsu ɗaya.

"Na gaya masa," ya ce. "Ya yi murna."