Ranar da Na'Allah Ya Ƙaryata Labo

A wani ƙauye kusa da Gazawa an yi wani manomi mai suna Na'Allah, wanda ya yi aikin soja zamanin Faransa. Ya dawo gida da abu biyu, shan taba da son musu. Muryarsa kuwa, in ya kira matarsa Delu daga bakin gona, matan unguwa duka sai sun ɗaga kai.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai muryar ta dishe. Delu ta ba shi zuma da citta, ta dafa kanumfari, ba ta sake zani ba. Da numfashi ya fara yi masa wuya aka kai shi Maraɗi, daga can, saboda shi tsohon soja ne, aka sa shi a mota zuwa babban asibiti a Yamai. Likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Dole a cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya, a buɗe masa ƙofa a gindin wuya wadda zai riƙa numfashi da ita.

Na'Allah ya ce cikin raɗa, "Ku cire. Ai na yi maganar mutum goma."

Ya dawo ƙauye bayan girbi, a rame, ba murya. Delu ta dubi ramin wuyan, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta yanki farin ƙyalle ta ɗinka masa marufi mai igiya, don kada ƙura da ƙudaje su shiga. Da farko in tari ya zo sai ya rufe baki da hannu, ya manta ba ta nan yake fitowa ba. Kunu mai zafi ba ya iya hurawa, sai dai ya yi ta juya ludayi. Ƙanshin miya ma ya daina ji. Wanka a tabki kuwa an hana shi har abada.

Sai Delu ta zama bakinsa. Ya yi nuni da hannu, ita ta faɗa wa mutane. Da fari tana faɗin daidai. Daga baya ta fara gyarawa.

Wata safiya amininsa Labo ya zo aron jaki. Na'Allah ya girgiza kai da ƙarfi, domin jakin ya gaji.

"Malam ya ce ka ɗauka," in ji Delu.

"To girgiza kan fa?"

"Ƙuda ne ya dame shi."

Haka aka yi ta yi. Malam ya ce ya yafe wa akuyar maƙwabta waken da ta ci. Malam ya ce a bar ƙanwar Delu ta yi damina a gidan. Mutanen gari suka fara cewa ciwo ya sa Na'Allah sanyin hali, shi kuwa yana zaune yana zare ido.

Tun a asibiti likita ya nuna masa wata dabara: ya haɗiyi iska, ya dawo da ita kamar gyatsa, ya sarrafa ta da harshe da leɓe ta zama magana. A lokacin ya ga abin kunya ne dattijo ya riƙa gyatsa a gaban jama'a. Yanzu kam sai ya riƙa tafiya gona shi kaɗai, ya zauna gindin gawo yana gwadawa. Wata da watanni ba abin da ke fita sai ƙara irin ta kwaɗo.

Ranar sunan jikan Labo maza suka cika ƙofar gida. Labo ya ga fili, ya ɗauko labarin kokawar da suka yi suna samari.

"Sau ɗaya na ɗaga shi, sai ga Na'Allah a ƙasa yana kallon sama!"

Delu ta zo wucewa da ƙwaryar fura. Labo ya ce, "Delu, tambaye shi, ba haka aka yi ba?"

Ko kallon mijin ba ta yi ba ta ce, "Ya ce haka aka yi."

Na'Allah ya miƙe. Ya haɗiyi iska, wuyansa ya motsa, sai wata murya mai kauri ta fito kamar daga cikin tulu.

"Ƙarya!"

Ya sake haɗiya. "Ni. Na. Ka da. Shi."

Delu ta dire ƙwaryar, furar ta zube gefe, ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Labo ya rungume shi yana dariya har rawaninsa ya kwance. "Wallahi kai ka ka da ni! Sake faɗi in ji!"

Daga ranar Na'Allah ya koma majalisa. Kalma uku ko huɗu yake iya fitarwa kafin ya sake haɗiyar iska, don haka sai an yi shiru ake jinsa, kuma ana yi masa shirun. Ya ci gaba da noman gero da gyaɗa, yana ɗaure wuyansa da kyau ranar sussuka.

Bayan wasu shekaru aka kawo masa wani makiyayi mai suna Jaye daga wajen Cadakori. An ce za a yi masa irin wannan aikin, ya ƙi, ya ce gara ya mutu da muryarsa. Na'Allah ya ɗaga ƙyallen ya nuna masa ramin, ya ci tuwo a gabansa, sannan ya ce, "Je ka. A yi. Ka dawo nan."

Jaye ya je, ya dawo, ya yi rani guda a zauren Na'Allah yana koyo. Kullum da hantsi sai ka ji su biyun suna ta gyatsa bi da bi, mata na daka a cikin gida suna ƙunshe dariya. Kafin ruwan farko Jaye ya iya sallama, ya iya kiran sunan 'yarsa Hauwa, ya koma wajen shanunsa.

Na'Allah ya rayu har ya ga jikoki sun fara riƙe hauya. Ya rasu a ɗakinsa lokacin cirar gyaɗa, bayan zazzaɓin 'yan kwanaki, kuma Jaye na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.