Ranar da Baba Bai Ji Sunana Ba

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ranar da aka kawo wata manhajar waya ƙauyenmu ba za ta fita daga raina ba.

Ni malamar kimiyyar kwamfuta ce a jami'a, 'yar manomi daga wani ƙauye a gefen Minjibir. A gonar Baba na yi binciken digirina na uku. Damina bayan damina ina bin kunya-kunya da waya ina ɗaukar hoton ganyen dawa, har na koya wa kwamfuta gane wadda wuta-wuta ta kama tun kafin muguwar ciyawar ta ɓullo. Baba ya ware mini gefe guda ya daina cire ta, yana kallon dawarsa tana ƙanjamewa saboda ni. Na wallafa aikin. Daga baya wani abokin aikina ya yi ɗan gyara a kai, ya wallafa nasa. Ya ambace ni, ban zarge shi ba. Sai dai duk wanda ya biyo baya, shi yake ambata. A aikinmu kuwa da ambaton nan ake samun ƙarin girma.

Ranar, masu manhajar suka tara manoma a filin firamare don nuna musu yadda take gano wuta-wuta. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a gaba. Shugaban masu manhajar ya jero masanan da suka dogara da bincikensu, duk maza. Aka tafa.

Na sami shugaban a gefe na ce, "Ranka ya daɗe, tushen wannan aikin nawa ne fa."

Ya ce, "Ayya Hajiya, ba da gangan ba ne. Wanda aka fi ambata muke ɗauka."

"To ni yaushe za a fara ambatona?"

Ya yi murmushi, ya duba wayarsa.

A hanyar gida, da muka zo daidai rijiya, sai Baba ya dube ni. Ya ce, "Uwata, ko kunnena ne? Ban ji sunanki ba."

Na ce, "Ba kunnenka ba ne, Baba."

Abokin aikin nan yanzu farfesa ne, ni kuwa ina inda nake. Ɗalibaina mata in sun tambaye ni ko ƙoƙari kaɗai ya isa, sai in tuna ranar nan. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba sai an ƙi mace ake share ta ba. Kowa ya kwafi sunan da ya tarar, ya wuce, kuma ba wanda za ki kama da laifi.