Mazarƙwailarmu Ba Kayan Tarihi Ba Ce

Ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci ƙungiyarmu ta masu mazarƙwaila a Gubuchi ta buɗe shafi a intanet. Taubashina, ɗan kawuna mai shagon kwamfuta a Makarfi, shi ya haɗa mana. Ya kuma tura sunanmu wani babban shafi da ke jera shafukan sana'o'i rukuni-rukuni, kamar yadda ake raba kasuwa, layin hatsi daban, na 'yan tumatir daban. Ya ce mai neman kayan zaƙi daga Kano ko Kaduna a kanmu zai faɗo.

Aikin matsar rake ya yi nisa, ba wanda ya kira. Kaya sai taruwa suke a ɗaki, kuma in damina ta same su narkewa za su yi.

Ranar kasuwa na je shagonsa, na ce ya buɗe mini babban shafin a wayata zan duba da kaina.

Ya ce, "Kai da ke haɗa baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a wake? Sai la'asar ke nan."

Na ce, "Ko magariba ce, ba ni."

Na shiga rukunin Noma, ba mu. Na shiga Abinci, na bi har Kayan Zaƙi, ga masu zuma, ga masu dabino, ba mu. Can na tsince mu a Al'adu da Tarihi, tsakanin masu kiɗan gargajiya da wani gidan ajiye tsofaffin tukwane.

Ashe laifinmu ne. Da aka nemi hoto, na dokin da ke juya injin matsa muka bayar, don ya fi kyau. Masu shafin suka ga doki, suka ɗauka abin kallo ne.

Taubashin ya yi dariya har da dukan tebur. "To ai sun yi gaskiya, tsoho. Ku zauna nan, masu yawon buɗe ido su zo su ɗauke ku hoto."

"Mai ɗaukar hoto ba ya sayen kwali ko ɗaya."

Ya ce ya ji, zai rubuta musu da Turanci. Na ƙi. Na zauna na danna da yatsa ɗaya: "Mu ba tarihi ba ne. Jiya ma mun dafa. Ku mai da mu Abinci." Na haɗa da hoton kasko yana tafasa.

Bayan kwana huɗu suka amsa cewa za su sa mu a rukunin biyu duka. Mutanen ƙungiya suka ce a karɓa, ai an samu. Na ce ban yarda ba, wanda ya fara ganinmu a Tarihi ba zai ɗauke mu 'yan kasuwa ba. Na sake rubutawa, sau biyu, har suka cire mu daga Tarihi, suka bar mu a Abinci.

Sati na uku bayan haka wata mai yin alewa a Zariya ta kira, tana tambaya ko muna iya cika mota.